Feɗe Waƙar Yaƙi: Yadda Wilfred Owen Ya Gina Hujjarsa a Ɗango 28

Ɗalibin adabin Turanci a Legas, na sakandare ko na jami'a, yakan ci karo da waƙar nan ta Wilfred Owen mai take da harshen Latin, "Dulce et Decorum Est". Galibi a takarda guda take zuwa hannunsa, fotokwafi da aka yi a shagon bakin titi a Agege ko Idi-Araba, baƙin ya dushe, malamin lesin ya ce a fito da dabarun salon da ke ciki. Abin da yara suka fi kawowa shi ne jeri: ga kamance, ga siffantawa, ga karangiya, ga amsa-amo, kowanne da misali ɗaya a gabansa. Jerin daidai ne, sai dai makin da yake jawowa kaɗan ne, domin wanda ya lissafa sassan rago bai feɗe shi ba. Mai duba takarda so yake ya ga aikin da kowace dabara take yi a daidai inda aka sa ta. Ita kuwa wannan waƙar, dabarunta duka aiki ɗaya suka taru a kai. Suna ɗaukar mai karatu daga inda yake zaune lafiya, su tsayar da shi a bayan keken dokin da aka jefa wani soja mai shure-shuren mutuwa, sannan su tambaye shi ko har yanzu bakinsa zai iya faɗin abin da ya saba faɗa wa yara game da yaƙi.

Share fage kaɗan ya wadatar. An haifi Owen a Ingila a 1893, ya zama hafsa a rundunar Manchester, aka kai shi fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa a farkon 1917. Bayan 'yan watanni rugugin igwa da abin da idonsa ya gani suka taɓa masa hankali, aka tura shi asibitin Craiglockhart kusa da Edinbura a watan Yuni. A can ya haɗu da mawaƙi Siegfried Sassoon, a can kuma ya tsara wannan waƙar a Oktoban 1917. Ya koma fagen daga a 1918, ya samu lambar yabo ta jarumta, aka kashe shi ran 4 ga Nuwamba yana da shekara 25, saura mako guda a tsagaita wuta. Sai a 1920 aka buga waƙar. Abu biyu ɗalibi zai riƙe daga wannan tarihi. Mafarkin da ke tsakiyar waƙar ciwon da ya kai mutumin asibiti ne. Sannan wanda ya rubuta ta ba ragon maza ba ne, don haka duk fassarar da ta mayar da ita kukan matsoraci ta ɓata hanya tun daga ƙofa.

Akwai kuma batun iskar gubar da ta shaƙe sojan nan. Yaron da ya tashi a Legas, da ya ji an ce iska ta sa sojoji tari, hankalinsa kan barkonon tsohuwa yake tafiya. Wannan daban ce. Jamusawa sun fara sakin iskar kulorin da yawa ran 22 ga Afrilun 1915 a kusa da Ypres ta ƙasar Beljiyam. Launinta tsakanin kore da rawaya, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasa ta cika ramukan da sojoji ke fakewa. In ta shiga ƙirji ta haɗu da damshin huhu sai ta ƙona shi, huhun ya riƙa tara ruwa har numfashi ya gagara. Mutum yana kan tudu amma mutuwar wanda ya nitse yake yi. A riƙe wannan, za a buƙace shi a ɗango na 14.

Kafin a rubuta kalma ɗaya ta amsa, a sa wa ɗangayen lamba daga 1 zuwa 28. Za a ga baiti huɗu ne marasa daidaito: ɗango 8, sai 6, sai 2, sai 12. A ɗauki biro a kewaye duk wakilin suna, a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, a kuma yi alama a duk inda aya ta rufe jimla. Aikin bai wuce minti goma ba, amma shi ke fito da ƙashin bayan waƙar. Wakilin suna yana farawa da "mu", ya koma "wani", ya koma "ni", ya ƙare da "kai". Aikatau yana tafiya a shuɗaɗɗen lokaci har ɗango na 14, daga nan ya faɗo cikin lokacin yanzu. Baitin ƙarshe kuwa, duk ɗango goma sha biyunsa jimla ɗaya ce tal.

Bahaushe ya san yadda ake kwatanta mayaƙi. A kirari zaki ne, toron giwa ne, bajimi ne, gagarabadau. Kamance a can sama yake ɗaga mutum. Owen ya buɗe da kamance biyu a ɗango biyu na farko, dukansu ƙasa suke jan sojan: sun ranƙwafa kamar tsofaffin mabarata a ƙarƙashin buhuna, ƙafafu sun yi gwame, suna tari irin na gyatumai. Samari ne waɗannan, amma an ba su tsufa. Maza ne, an ba su tarin tsofaffin mata. Kakin da aka yi musu ado da shi ranar fareti ya koma buhu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 cikin damina ya ga ɗan dako ya sunkuya ƙarƙashin buhun albasa, gwiwoyinsa na neman haɗuwa, taɓo na riƙe masa silifa, ya riga ya ga rabin hoton. Sauran rabin shi ne a tuna cewa mutanen da aka siffanta haka su ne jaridun Ingila na lokacin ke zanawa a miƙe, ƙirji a gaba. Kuma mawaƙin bai tsame kansa ba, "mu" ya ce.

Kunne ma yana da rabonsa a nan. Ɗango na 2 da na 4 sun ƙare da "sludge" da "trudge", wato taɓo da jan ƙafa. A furta su a ji yadda harshe ke maƙalewa a ƙarshe, kamar ƙafar da ake zarowa daga laka. A ɗango na 6 Owen ya ƙera kalmarsa, "blood-shod". Rabinta na biyu kalma ce da aka fi yi wa doki in an sa masa takalmin ƙarfe, ga shi an yi wa mutanen da takalmansu suka ɓace, jinin ƙafarsu ya zame musu takalmi. Sautinta kuma gab yake da kalmar Turanci ta zubar da jini.

Daga nan sai ya shiga ƙwace musu gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya: duk sun gurgunce, duk sun makance, gajiya ta bugar da su kamar giya, sun kurumce. Ɗalibi zai rubuta "kambamawa" ya wuce, kuma bai yi ƙarya ba. Amma kurumtar ita ce musabbabin abin da zai biyo baya, domin harsasan igwa suna faɗuwa a bayansu ba su ji ba. Dabarar salo ce ta zama sanadin labari. A kula da ɗango na 8, iri biyu ne ke yawo a littattafai. Wani bugun yana maganar harsasan iskar guba masu faɗuwa a hankali, wani kuma yana ambatar harsasan Jamus masu faɗin inci 5.9, har ya ce sun gaji. Mutuntarwa tana cikin na biyun ne kawai. Wanda ya haddace bayanin wani littafi ya je ya kafa hujja da ɗangon da babu shi a takardar da ke gabansa, ya yi wa kansa.

Karin waƙar shi ne inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, musamman waɗanda suka san arulli a zaure ko a ajin Hausa. Waƙarmu da ta Larabci tsawon gaɓa suke aunawa, doguwa da gajeriya. Ta Turanci nauyin furuci take aunawa, wace gaɓa aka danna, wace aka sassauta. Ma'aunin da Owen ya hau gaɓa goma ne a ɗango, sassauƙa sannan dannanna, sau biyar, irin takun fareti. Abin nema shi ne inda ya karya takun. Tun kalmomi biyun farko ya haɗa dannannun gaɓoɓi biyu a jere. A ɗango na 5 ya dasa aya a tsakiya bayan kalma uku. Na 6 ya tsaya sau uku kafin ya kai ƙarshe. Ma'aunin na fareti ne, masu tafiyar ɗingishi suke yi, kuma kunne yana jin tazarar da ke tsakani. Ɗalibin da ya rubuta sunan ma'aunin kawai ya faɗi abin da kowa ya sani. Wanda ya nuna wuraren karyewar ya kuma faɗi dalili, shi ya yi nazari.

Baiti na biyu ihu ne ya buɗe shi, ba tare da an ce wane ne ya yi ba. Kalmar iskar sau biyu, ta biyun da manyan baƙaƙe, sai umarnin a yi maza: gaɓoɓi huɗu dannannu a jere bayan ɗango takwas na jan ƙafa. Sai kalmar "ecstasy", wadda ƙamus zai ce maka tsananin farin ciki. Fassara ta haka a nan kuskure ne. Tsohuwar ma'anarta ake nufi, fita hayyaci, hannu na rawa yana laluben takunkumin kariya bai san abin da yake yi ba. Kowa ya samu ya sa nasa da ƙyar, sai "wani". Ba suna, ba muƙami, ba gari. Yana ihu yana tangaɗi kamar wanda wuta ta kama ko farar ƙasa mai cin fata ta zubo masa.

Ɗango na 13 da na 14 su ne zuciyar waƙar, kuma sun cancanci a daɗe a kansu. Mawaƙin yana kallo ne ta 'yan tagogin takunkuminsa, waɗanda numfashinsa ya sa suka yi hazo, ga kuma koren haske mai kauri. Ya ce kamar a ƙarƙashin koren teku ya ga mutumin yana nitsewa. A nan "ni" ya fara bayyana, bayan ɗango goma sha uku. Taron ya watse, saura mutum biyu, ɗaya a bayan gilashi yana numfashi, ɗaya a waje yana mutuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takunkumi ba. Tekun kamance ne, amma nitsewar gaskiya ce, kamar yadda aka yi bayanin aikin iskar a huhu. Kamancen yana jingine da ainihin yadda mutuwar take, shi ya sa ya fi sauran shiga jiki.

Sai a ƙirga kamance a waƙar gaba ɗaya. Bakwai ne: biyu a baitin farko, biyu a na biyu, uku a na ƙarshe. Baiti na uku, mai ɗango biyu, ba shi da ko ɗaya. Babu "kamar" a cikinsa. A dukkan mafarkansa, in ji mawaƙin, mutumin yana faɗowa kansa, yana ƙarewa irin ƙarewar kyandir, yana shaƙewa, yana nitsewa. Lokacin aikatau ya koma yanzu, domin abin bai wuce ba, kowane dare sabo yake. Amsa-amon kuma ya tsallake gibin da ke tsakanin baitocin biyu: ɗango na 13 yana amsa wa na 15, na 14 yana amsa wa na 16, kuma na 14 da na 16 kalma ɗaya ce, "drowning". Masana arulli suna ƙirga maimaita kalma guda a ƙafiya kusa da kusa cikin aibobin waƙa. Owen ya san kalmomin da za su amsa mata, bai ɗauko su ba. Ko'ina cikin waƙar amsa-amo na kai ka ga sabuwar kalma, nan kaɗai ya dawo da kai inda ka baro, yadda mafarkin ke yi wa mai shi. Lissafi ma ya goyi bayan wannan karatu: 28 rabi biyu ne na 14, rabin farko abin da ya faru, rabi na biyu abin da ya ƙi tafiya.

Ga bambancin amsa mai rauni da mai ƙarfi a wannan wurin. Mai rauni za ta ce mawaƙi ya yi amfani da maimaici a ɗango na 14 da na 16 don jaddadawa. Kalmar "jaddadawa" ita ce mafakar wanda bai san abin da zai ce ba, kowace dabara a kowace waƙa za a iya manna mata ita. Mai ƙarfi za ta ce a ɗango na 14 nitsewar tana tare da kamance kuma a shuɗaɗɗen lokaci take, a na 16 an cire kamancen an dawo da ita lokacin yanzu, don haka abin da mawaƙi ya gani sau ɗaya ya zama abin da yake gani kullum. Tsawonsu kusan ɗaya, amma ta biyun ba za ta zauna a kan wata waƙa ba sai wannan.

Baitin ƙarshe a Hausa ya fi sauƙin ganewa, domin muna da ginin jimlar a bakinmu: da za ka yi kaza, da za ka ji kaza, da ba ka faɗi kaza ba. "Da" ta farko tana ɗango na 17, ta biyu a na 21, amsarsu ba ta iso ba sai a na 25. Ɗango takwas mai karatu yana rataye, gangara na tura shi daga ɗango zuwa ɗango babu aya, numfashinsa na ƙarewa in da murya yake karantawa. A lura da abin da ake sa shi yi. Ya taka a bayan keken, ya kalli fararen idanu na juyawa a fuska, ya ji ƙarar jini na kurkurowa daga huhu a duk girgizar keken, ya ɗanɗani ɗaci. Ƙafa, ido, kunne, duk abin da aka ƙwace wa sojoji a baitin farko an buɗe wa mai karatu shi a na ƙarshe, har an ƙara masa harshe. Gani ya kori ji, to ga gani ga ji an haɗa masa. Aikatau na ɗango na 18 ma abin tsayawa ne: jefa shi suka yi cikin keken, ba kwantar da shi ba, kuma "mu" ne suka jefa.

Kurakurai biyu sun yawaita a wannan baitin. Na farko a ɗango na 19, inda kalmomi uku suka fara da baƙin w, yara su ce karangiya ce mai kalma uku. Karangiya a kunne take. Ta ukun, "writhing", da sautin r ake fara furta ta, don haka biyu ne suka yi sauti ɗaya. Na biyu a ɗango na 20, inda aka kwatanta fuskar da ta shaiɗanin da zunubi ya gundure shi. Wasu sukan ɗauka sojan ake zagi. Ma'anar ita ce fuskar ta ga mugun abu har ya wuce abin da shi kansa uban mugunta zai iya haɗiyewa. A ganina kamancen nan da na ciwon daji da ke biye da shi ba su kai na tekun ba, sun fi shi ɗaga murya amma ba su kai shi kama jiki ba. Na tuƙa ne ya dawo da baitin kan ƙafarsa. Wanda ya san shanu a mayankar Oko-Oba ya san yadda saniya ke dawo da abin da ta haɗiye ta sake tauna shi. Abin da ke dawowa bakin sojan ke nan, kuma abin da mafarki ke yi wa mawaƙin ke nan. Harsunan da mawaƙin ya ce gyambo ya ci an kira su marasa laifi, ɗango ɗaya kafin a juya kan harshen da ke da laifin.

Wanda yake tuhuma, "My friend" ya ce masa a ɗango na 25, ko ya ce mata. Turanci bai raba kai da ke da ku ba, Hausa kuwa dole ta zaɓa, kuma duk mai fassara waƙar nan zai tsaya cak a wannan gaɓar. A rubutun farko Owen ya sadaukar da ita ga Jessie Pope, marubuciyar da ke buga waƙoƙin zuga samari su shiga soja a jaridu, daga baya ya mayar da sadaukarwar ga "wata mawaƙiya", a ƙarshe aka buga babu ko ɗaya. Da sunan ya tsaya, da zambo ne ga mutum guda. Da aka cire shi sai ta zama habaici, wanda ya tsargu da shi ake. Kiran aboki a nan irin wanda ake yi wa mutum ne lokacin da za a gaya masa magana mai zafi ido da ido.

Wannan ne ya sa rubuta jigon waƙar a matsayin "yaƙi ba shi da kyau" ya yi faɗi da yawa. Owen bai taɓa mutuncin soja ba. Sojojin Nijeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi wannan yaƙin a Kamaru da Gabashin Afirka, kuma duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, waƙar ba ta da faɗa da wannan. Wanda take tuhuma shi ne mai faɗa wa yara masu ƙishirwar suna, cikin zumuɗi, abin da shi bai gani ba. Maganar da ake faɗa musu ta Horace ce, mawaƙin Rum na ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ma'anarta: abu ne mai daɗi kuma mai dacewa mutum ya mutu saboda ƙasarsa. 'Yan makarantar Ingila na zamanin sun san ta tun a aji, kuma a 1913 an rubuta ta a bangon majami'ar Sandhurst, makarantar da daga baya ta horar da hafsoshinmu irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Owen ya sa rabinta a take, rabin da ke maganar daɗi da dacewa, ya ɓoye rabin da ke maganar mutuwa sai a ɗangon ƙarshe. Kafin ya kawo ta kuma ya riga ya raɗa mata suna, tsohuwar Ƙarya, da babban baƙi.

Amsa-amon rufewa ya haɗa "glory" a ɗango na 26 da "mori" a na 28, ɗaukaka da mutuwa, kalmar da aka yi wa yaran alkawari da abin da za su tarar. Ɗangon ƙarshen gaɓa shida ne kacal a inda kunne ya saba da goma. Mai karantawa a aji kada ya ja shi don ya cike gurbin, ya furta shidan a takunsu ya tsaya, ya bar gurbin gaɓa huɗun da suka rage babu komai a ciki.